TARIHIN DONOT: DAGA JIRGIN RUWA ZUWA ƘOFAR MAKARANTARMU

Kafin in ce komai, ina miƙa gaisuwa ga iyayenmu malamai, waɗanda suka ajiye aiki da waɗanda har yanzu suke riƙe da alli, sa'an nan ga 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai a duk inda neman abinci ya jefa su. Ina kuma gode wa Edita da ya ba ni wannan fili, ko da yake na san sa'ad da ya ga kan maganar sai da ya yi dariya, ya ce a ransa, ashe duk karatun Tarihin da wannan bawan Allah ya yi a jami'a, a kaskon suya ya ƙare.

Dalilin wannan rubutu kuwa wata gardama ce da ta tashi a taronmu na shekara da ya wuce. Waɗanda suka halarta za su tuna, bayan an rufe taro da addu'a an kawo lemo da donot cikin kwalaye. Wani ɗan ajinmu ya gutsura, ya yamutsa fuska, ya ce wannan ko kusa bai kama ƙafar na Inna ba, watau tsohuwar nan da ke zama gindin darbejiya a ƙofar makaranta. Wani kuma, wanda yanzu lauya ne, ya ce ai donot ba kome ba ne illa fanke da ya yi boko. Na uku ya buga tebur ya ce Turawa funkasonmu suka sata suka sake masa suna. Da musu ya yi tsanani sai aka juyo kaina, aka ce tun da ni ne na karanta Tarihi, in raba gardama. Na nemi a ba ni lokaci. To, ga abin da na samo, kuma ina roƙon Malaminmu na Tarihi, wanda ya koya mana cewa kowane abu yana da "daga ina", ya duba da jan birona kamar yadda ya saba.

MENE NE DONOT?

Donot kwaɓin fulawa ne mai zaƙi da ake soyawa cikin mai mai yawa, yadda zai yi iyo a ciki. Sunan kalmomi biyu ne na Ingilishi aka haɗa: ta farko tana nufin kwaɓi, ta biyu kuwa ƙwaya irin ta gyaɗa. Wannan suna kaɗai ya isa ya nuna mana cewa donot na farko ba zobe ba ne, 'yan dunƙule-dunƙule ne kamar fankenmu. Saboda haka lauyanmu ya ci maki ɗaya tun daga nan.

Iri biyu ne manya. Akwai na yis, wanda ake rufe kwaɓinsa a bar shi ya tashi, a murza, a yanka, a sake bari ya tashi kafin a soya. Shi ne mai laushi, marar nauyi. Akwai kuma na bekin foda, wanda ba ya jiran tashi, cikinsa kamar kek, bayansa da ɗan ƙarfi. Duk sauran kwalliya, ko jam ne, ko cakulan, ko barbaɗen sukari da kirfa, a kan waɗannan biyu ake ɗora ta.

ASALINSA

Suyar kwaɓi cikin mai tsohuwar sana'a ce, ba wata al'umma da za ta ce ita ta fara. A cikin 1226 wani marubuci a Bagadaza, Muhammad bin Hasan al-Baghdadi, ya rubuta littafin girke-girke mai suna Kitab al-Tabikh. A ciki ya bayyana wani soyayyen kwaɓi da ake tsomawa cikin ruwan sukari, wanda Larabawa ke kira lukmatul ƙadi, watau lomar alƙali. Alhazanmu da suka yi azumi a Makka ko Madina sun san jikokin wannan loma, su ne lukaimat da ake shan ruwa da su. Jamusawa suna da nasu marar huda mai jam a ciki, wanda ake kira Berliner. Mutanen gabashin Afirka suna da mandazi, na Maroko suna da sfenj, mutanen Gana suna da bofrot.

Amma donot da wannan suna, da wannan kama da muka sani, ɗan Amurka ne. A shekarun 1620 mutanen Holan suka kafa wani ƙaramin gari a tsibirin Manhattan suka sa masa suna New Amsterdam. A 1664 Ingilishi suka ƙwace garin suka mai da shi New York. Mulki ya tafi, amma girki ya zauna. Matan Holan sun zo da wani soyayyen kwaɓi da suke kira olykoek, ma'ana kek na mai, kuma har yau a ƙasar Holan ana soya ɗan'uwansa a daren shiga sabuwar shekara. A 1809 marubucin nan Washington Irving ya fitar da wani littafi na barkwanci a kan tarihin New York, inda ya kwatanta teburin shayi na gidajen mutanen Holan, ya ambaci waɗannan dunƙule-dunƙule masu zaƙi da sunan donot. Wannan na cikin wurare na farko-farko da aka ga kalmar a rubuce. Abin lura a nan, Irving ya ce da kitsen alade ake soya su a wancan zamani. Manyan kamfanonin yanzu da man tsirrai suke suya, amma duk wanda tafiya ta kai shi waɗancan ƙasashe, tambaya ba ta zama laifi ba.

WA YA HUDA SHI?

Wannan ita ce tambayar da muka sha yi muna yara, har wasu na cewa wayo ne na masu sayarwa don su rage fulawa. Amsar da Amurkawa suka fi riƙewa ta fito ne daga bakin wani matuƙin jirgin ruwa, Kyaftin Hanson Gregory, mutumin Jihar Maine. A 1916, yana tsoho, ya gaya wa wata jarida cewa shi ya fara huda donot a 1847, yana ɗan shekara 16, yana aiki a wani jirgi mai dakon farar ƙasa ta gini. Ya ce abin da ya dame shi, kullum bayan donot ya soyu amma tsakiyarsa ɗanya ce, ta jiƙe da mai, tana ɓata wa ma'aikatan jirgi ciki. Sai ya ɗauki murfin gwangwanin barkono ya cire tsakiyar kafin a jefa cikin mai. A 1947, da abin ya cika shekara 100, mutanen garin Rockport suka kafa masa allon tunawa.

Shaidar wannan labari dai bakin mai shi ne. Amma dalilin da ya bayar gaskiya ne, kowace mai suya za ta tabbatar. Zafin mai daga waje yake shiga ciki. Idan dunƙulen ya yi kauri, kafin zafi ya kai tsakiya baya ya ƙone. Idan aka huda, mai zai ratsa ta ciki da waje, ko'ina ya nuna lokaci ɗaya. To, jama'a, wa ya taɓa tsayawa kusa da mai funkaso? Takan jiƙa hannu, ta ɗebo kwaɓi, ta sa yatsa ta huda tsakiya, sa'an nan ta sake shi cikin mai. Ba ta taɓa jin sunan Kyaftin Gregory ba, shi ma bai taɓa jin nata ba. Matsala ɗaya ce ta same su, suka yi mata magani ɗaya. Saboda haka ɗan'uwanmu mai buga tebur ya yi haƙuri, babu sata a nan, amma yana da gaskiya da ya ga kama.

YAƘI, INJI DA KASUWA

Abubuwa uku suka fitar da donot daga ɗakin girki suka mai da shi abincin ƙasa a Amurka.

Na farko yaƙi. A 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta tura sojojinta Faransa. Wata ƙungiyar agaji ta Kirista, Salvation Army, ta tura mata 'yan sa-kai su kafa bukkoki kusa da bakin daga don kula da sojoji. Kayan gashi sun yi wuya a wurin, amma akwai fulawa da sukari da mai. Biyu daga cikin matan, Helen Purviance da Margaret Sheldon, suka ce to a soya donot. Samari da ke kwana cikin ramuka da taɓo da sanyi suka riƙa bin layi don su ci abin da ke tuna musu gida. Da aka gama yaƙi suka koma da kwaɗayinsa. A 1938 ƙungiyar ta ƙirƙiro Ranar Donot a birnin Chicago, don tunawa da waɗannan mata da kuma tara kuɗin taimakon matalauta a lokacin karayar arziki. Har yanzu ana yin ta a Juma'ar farko ta watan Yuni. A Yaƙin Duniya na Biyu ma matan Red Cross sun yi irin wannan aiki.

Na biyu inji. A 1920 wani baƙo da ya yi ƙaura daga Rasha, Adolph Levitt, wanda ke da gidan burodi a New York, ya ga hannu ba ya iya biyan bukatar masu saye. Sai ya samar da injin da ke yanka kwaɓi zobe-zobe, ya jefa cikin mai, ya juya, ya fitar. Ya ajiye injin a bakin taga inda masu wucewa za su gani, kallo ya zama talla. Daga baya ya shiga sayar wa sauran gidajen burodi injin da haɗaɗɗiyar fulawa, ya yi arziki mai yawa.

Na uku kamfanoni masu rassa. A 1937 Vernon Rudolph ya buɗe Krispy Kreme a garin Winston-Salem na Jihar North Carolina. Da farko kantuna yake kai wa, amma ƙamshin suyar dare ya riƙa tsayar da masu wucewa suna tambaya, har ya fasa bango ya yi taga yana sayar musu da zafinsa. A 1950 kuma William Rosenberg, wanda a da yake kai wa ma'aikatan masana'antu abinci a mota, ya lura kofi da donot suka fi tafiya, ya sa wa shagonsa na garin Quincy suna Dunkin' Donuts. A 1955 ya fara ba wasu izinin buɗe rassa da sunan, a 2019 kuma kamfanin ya gajarta sunansa zuwa Dunkin' kawai.

Akwai wani labari da nake so 'yan kasuwar cikinmu su ji. A 1975 wani mutumin Kambodiya, Ted Ngoy, ya isa Kalifoniya da iyalinsa yana gudun hijira, ba shi da ko sisi. Ya yi shara, ya yi aikin gidan mai, sa'an nan ya koyi suyar donot. A 1977 ya sayi shagonsa na farko. Da ya samu, sai ya riƙa jawo 'yan ƙasarsu masu gudun hijira, yana koya musu sana'ar, yana ba su hayar shaguna, har ya zamana yawancin ƙananan shagunan donot na kudancin Kalifoniya na hannun mutanen Kambodiya. Aka yi masa laƙabi da Sarkin Donot. Amma caca ta shiga tsakaninsa da dukiyarsa, ta cinye ta ƙarƙaf. Waɗanda ya koya wa sana'a kuwa suka ci gaba da cin abinci da ita, su da 'ya'yansu. Abin da ya tara ya tafi, abin da ya koyar ya tsaya.

TA INA YA BIYO YA ISO MU?

A nan ne na fi jin daɗin binciken, domin shaidar tana bakinmu, kullum muna furta ta. Ku duba waɗannan kalmomi: alkama, alkaki, gurasa, sukari. Duk daga Larabci muka aro su. Ku kuma duba waɗannan: fulawa, burodi, yis, bota, fanke, suga, donot. Duk daga Ingilishi suke, fanke ma lanƙwasa sunan wata wainar Turawa ce da ake yi a kasko. Watau abincin alkama sau biyu ya shigo ƙasar Hausa. Zuwan farko ta Sahara ya biyo, a bayan raƙuma, tare da fatake da malamai. Zuwa na biyu ta teku ya biyo, ya hau jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911.

Kada wani ya zaci Turawa ne suka koya mana cin alkama. A watan Janairu na 1824 Kyaftin Hugh Clapperton ya iso Kano a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da ya zagaya kasuwa ya rubuta cewa ya ga abincin garin alkama iri uku ana sayarwa: wani mai kama da ƙaramin burodi, wani murɗaɗɗe, wani kuma mai laushi marar nauyi da ake zuba wa zuma da narkakken man shanu. Duk wanda ya san gurasa da alkaki da funkaso, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wannan fa shekara 23 ke nan kafin yaron nan Gregory ya ɗauki murfin gwangwani. Sai dai a wancan zamani alkama 'yar lambu ce, ana noma ta kaɗan da rani, abincin sarakuna da attajirai da ranar biki. Funkaso kuwa ya yi tafiya tare da Hausawa, har a zangunan Gana ana cin pinkaso da koko da safe.

Zuwa na biyu shi ya kawo farar fulawa ta buhu. Kukun Turawa, da gidajen burodi na Sabon Gari, da azuzuwan koyon girki na makarantun 'yan mata, su suka yaɗa kek da fanke da donot. A 1960 aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria, a 1962 injinsa na Apapa ya fara niƙa alkamar da ake saukewa daga jiragen ruwa. A 1971 aka kafa Northern Nigeria Flour Mills a Kano. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, fulawa ta yi araha, burodi da shayi suka zama karin kumallon talaka a birni. A 1986 kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's na farko a Marina, Legas, kuma kafin mu shiga sakandare rassansa sun bazu manyan birane. Wa zai manta ranar ziyara, sa'ad da iyayen wasu ke zuwa da ledar nan mai ja da rawaya, mu kuwa 'yan ƙauye muna kwance ƙullin ƙuli-ƙuli da kwaki muna satar kallo?

Ita Innarmu, kamar yadda ta taɓa gaya mini da bakinta, wurin mijinta ta koya. Shi kuku ne a gidan saukar baƙi na gwamnati, shi kuma ya gada wurin mahaifinsa, wanda ya yi wa wani Bature girki kafin samun 'yancin kai. Kun ga salsalar ke nan, daga New York har gindin darbejiya.

INDA GIZO KE SAƘA

Alkama tana son sanyi. A ƙasarmu ba ta yi sai da hunturu, a arewa, kuma da ban-ruwa. Gwamnatoci sun yi ƙoƙari. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama a 1974, don ta shayar da gonakin Kadawa. An gama ta Bakolori a 1978, an kuma yi babban shirin ban-ruwa a kudancin Tafkin Chadi. Duk da haka abin da muke nomawa bai taɓa kusantar abin da muke ci ba. A 1985 wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka wallafa littafi a kan wannan matsala ta Nijeriya mai suna The Wheat Trap, ma'ana tarkon alkama: ƙasa ta saba da abincin da ba ta iya nomawa isasshe.

A watan Janairu na 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama gaba ɗaya. Yawancin 'yan ajinmu ko dai ba a haife su ba, ko suna goye, amma malamanmu sun ga abin da ya biyo baya: burodi ya yi tsada ya ƙanƙance, fulawar sumoga ta riƙa kwararowa ta kan iyaka, injinan niƙa suka koma ga masara. A 1992 aka ɗage dokar. Lokacin da muke makaranta kuma, gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin haɗa kashi 10 cikin 100 na garin rogo a fulawa. Har yanzu dai fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da muke ci daga waje take zuwa, da dala ake sayenta. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a Fabrairun 2022, mai suya a ƙauyenmu ta ji a jikinta, ko da ba ta san inda ƙasashen suke a taswira ba. A 2023 aka cire tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, fulawa da sukari da man gyaɗa suka tashi gaba ɗaya. Mu ma'aikata da muke lissafin albashi tun ran goma ga wata, mun san labarin. Ramin donot ya yi faɗi, naman ya yi siriri.

WANNE YA FI, KUMA A INA?

Yanzu sai in amsa abin da ya tayar da gardamar, kuma wannan ra'ayina ne, mai ja ya rubuto wa Edita.

Na ɗaya a wurina shi ne zobe na yis, marar kwalliya, da ɗan barbaɗen sukari da ƙamshin gyaɗar ƙamshi, a ci shi da ɗuminsa. A nan ake gane gwani, domin babu abin da zai ɓoye aibi. Na biyu mai jam a ciki, in dai jam ɗin ya kai tsakiya, ba a shafa a baki kawai don yaudara ba. Na uku na bekin foda, shi ne abokin shayi da tafiyar mota, don yana kwana bai lalace ba. Mai cakulan na yara ne. Shi kuwa mai madara, wanda ya yi tashe a 2024 har matasa suka cika wayoyinsu da hotunansa, na ɗanɗana sau ɗaya na sha ruwa kofi biyu. Mu da muka doshi arba'in, likitocin cikinmu sun sha gargaɗinmu a kan sukari, gara mu ji. Funkaso ban sa shi a wannan jeri ba, don shi ba ya takara da kowa. Ranar da aka ajiye shi da miyar taushe, donot sai ya koma gefe ya jira.

Game da wurin saye, na ci na manyan kantunan zamani a Abuja da Kano da Kaduna. Na kuma ci na Krispy Kreme, wanda ya buɗe a Legas a 2018, sa'ad da ofis ya tura ni kwas, kuma lallai yana narkewa a baki. Amma abin da na koya shi ne, sunan shago ba shi ne ma'auni ba, tazarar da ke tsakanin kasko da bakinka ita ce ma'auni. Donot na yis ba ya son kwana. Saboda haka a nemi inda ake soyawa a wurin, a je da safe. Matan da ke yi a gida suna talla ta WhatsApp, da yawansu sun fi kantuna, don sai ka yi oda suke kwaɓawa. Wanda ke cikin akwatin gilashi a tasha, rana na dukansa tun hantsi, a bar shi sai in yunwa ta yi yunwa.

Ga alamomi huɗu da Inna ta koya mini ba tare da ta san tana koyarwa ba. A duba gefensa: in akwai farin layi da ya zagaye tsakiya kamar ɗamara, kwaɓin ya tashi sosai, ya yi iyo a kan mai. A ɗaga shi: in ya fi girmansa nauyi, bai tashi ba ko ya sha mai. A danna da yatsa: na kirki yakan dawo. A leƙa kaskon: in man ya yi baƙi yana hayaƙi, an daɗe ana maimaita shi, a wuce. Masana girki sun ce zafin mai ya kamata ya tsaya wajen digiri 175 zuwa 180. In ya gaza haka kwaɓi ya sha mai, in ya zarce baya ya ƙone ciki ɗanye. Inna ba ta da ma'aunin zafi. Ɗan gutsuren kwaɓi take jefawa, in ya taso nan take yana kumfa, ta san lokaci ya yi.

BASHIN INNA

'Yan'uwa, Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Ku tuna ranakun da gabza ta ƙi ciwuwa, ko aka buga ƙararrawa siniyoyi suka rigaye mu ɗakin cin abinci. Ina muke nufa? Gindin darbejiya. Fanke N5, donot N10. Wanda ba shi da kuɗi, Inna takan dube shi ta ce, "Ɗauki, ɗana, in an zo ziyara ka kawo." Ba ta iya boko ba, da gawayi take jan layi a jikin katanga, kowa da wurinsa. In ruwan sama ya wanke, sai ta yi dariya ta ce Allah Ya yafe mana.

Da nake haɗa wannan rubutu na ce bari in je in ji salsalar sana'ar daga tushe. Na same ta da ranta, amma idanu sun yi rauni, ta daina suya. 'Yarta ce ta gaje ta, ita ma ta ajiye kasko tun bara, domin jarin bai iya sayen buhun fulawa da jarkar mai a lokaci ɗaya. Na gaishe ta na faɗi sunana, ba ta gane ba. Da na ce ni ne ɗan siririn nan da ke cewa a ba shi wanda ya fi ƙonewa, sai ta tafa hannu ta ce, "Af, kai ne? Ka yi ƙiba!" Ban iya gaya mata cewa na bar makaranta da layi bakwai a katangarta ba, watau N70, sai da na zo tafiya. Ta ce ita ba ta bin kowa.

Ita ta yafe, amma bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mun rubuta tarihin makarantarmu sau da yawa a wannan mujalla, mun jera shugabanni da gine-gine da kofunan da muka ci, ba mu taɓa ambaton matar da ta riƙe cikin ɗaruruwanmu ba. Amurkawa sun kafa wa wanda ya huda donot allo, sun ware rana guda don matan da suka soya wa sojojinsu. Ni ban ce a kafa allo ba. Shawarata ita ce, kowa ya zauna ya tuna layukansa na gawayi, ya lissafa su da kuɗin donot na yau, ba na wancan zamani ba, ya miƙa wa Ma'aji kafin taro mai zuwa. Abin da aka tara a sayi fulawa da mai da sukari a kai wa 'yarta ta mai da kasko kan wuta, kuma donot ɗin da za a ci a taron, a wurinta za a saya. A ranar sai mu ga ko ta gaji hannun uwar, lauyanmu kuma ya zo da shirin ci gaba da musu.

Nawa na riga na kai.